Kafin Ka Ɗaura Sabon Inji a Tsohon Jirgi

Ɗan'uwa mai jirgin ruwa a Gulbin Rima, ko kana Ambursa, ko Birnin Kebbi, ko Argungu, ka fara gyara daga jikin jirgi kafin ka taɓa inji.

Idan ruwan damina ya ja baya, jawo jirgin tudu, ka kife shi ya sha iska. Bi katakon ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake; cire shi, kada ka lulluɓe shi da fenti. Tsagar da ke tsakanin katakai a cusa mata auduga, a bi da kwalta.

Ka fi mai da hankali ga katakon baya, inda ake ɗaura inji. Jirgin da aka ƙera don inji mai ƙarfin doki 15, in ka ɗora masa mai 40, girgiza za ta sassauta ƙusoshi, bayan jirgin kuma ya riƙa nutsewa. Ƙarfafa wurin da katako mai kauri tukuna.

A kan inji, duba siririn ruwan da yake fitarwa yayin aiki. In ya raunana, mai yiwuwa yashin gulbi ya cinye robar famfo; in haka ne, a canza ta nan take. Man giya in ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. In injinka irin wanda ake haɗa wa mai ne, haɗa fetur da baƙin mai daidai ma'aunin kamfani.

Haɗarin jirgin Warra na shekarar 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya ishe mu darasi. Ka tanadi rigar kariya ga kowane fasinja, ka guji lodin wuce kima da tafiyar dare. Allah ya tsare.