Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Ya Ɗauki Mota Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta ce ɗan maƙwabcinta, mai shekara 16, ya saci makullin motar babansa ranar Sallah, ya afka wa teburin mai shayi. Tana tambaya: a hukunta shi, ko a ce ƙuruciya ce?

To Hajiya, a Najeriya ba a ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18, saboda haka tun kafin ya taɓa teburin ya riga ya karya doka. Dokar finalkod ta Arewa ta yafe wa yaron da bai kai shekara 7 ba, amma ɗan 16 ya wuce nan da nisa. Sai dai ba a haɗa shi da manyan fursunoni. Akwai gidan gyaran hali na matasa a Kaduna.

Ni dai a ganina ba sai an kai can ba. Uban ya biya mai shayi tukunyarsa da ƙwansa da suka farfashe, yaron kuma ya riƙa zuwa da asuba yana wanke masa kofuna har wata guda, abokansa suna wucewa suna kallo. Makullin kuwa, Alhaji ya daina ajiye shi a kan talabijin.