Darasin Kimiyya: Agogo Mai Lilo

Ya kai ɗalibi, ka taɓa lura da agogon bango mai wani ƙarfe a ƙasa yana lilo dama da hagu? To, wannan lilon shi ne ran agogon. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya fara ƙera irinsa a 1656. Kafin nan agogo kan yi kuskuren kusan minti 15 a yini, abin da ya isa mutum ya rasa jam'in Magariba. Nasa kuwa sakan 15 ne ko kusa da haka.

Ka sani, saurin lilo ba ga nauyinsa yake ba, ga tsawonsa yake. Sanda mai tsawon kusan mita ɗaya sakan guda take ɗauka daga gefe zuwa gefe. Amma fa ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, sai agogo ya riƙa jinkiri. Nan maƙeran Ingila suka sha fama. A 1721 George Graham ya rataya kwalbar zaiba a ƙarshen sandar. In zafi ya miƙar da sandar ƙasa, sai zaibar ta kumbura ta hau sama, ɗaya ya gyara ɓarnar ɗaya. Dabara ke nan! Agogon Shortt na 1921 kuwa, kuskurensa wajen sakan ɗaya ne a shekara.

In na gidanku yana jinkiri, duba ƙasan lilon, akwai ɗan noti. Murɗa shi sama kaɗan, gobe ka gwada da lokacin rediyo.