Ɗaliba Mai Neman Rage Ƙiba

Karatu: Daniyel 1:3-16, 1 Korantiyawa 6:19-20

Wata 'yar'uwa mai sauraron shirinmu, ɗaliba a jami'a a Yamai, ta rubuto mana wasiƙa. Ta ce tun da ta fara karatu jikinta ya yi nauyi, abokan ɗakinta kuma suna ta yi mata ba'a. Sai ta daina karya kumallo, ta daina cin na rana, ta sayo wani shayin rage ƙiba a kasuwa. A mako na biyu jiri ya kayar da ita cikin aji. Ga tambayarta: "Fasto, in na mai da wannan yunwa azumi, Allah zai karɓa?"

'Yata, a'a. Azumi domin neman Allah ake yinsa (Matiyu 6:16-18). Wanda ya ƙi abinci domin ma'auni ya sauka, yunwa kawai yake sha, kada ya ba ta sunan ibada.

Dubi Daniyel. Shi ma ɗalibi ne, nesa da gida. Shekara uku aka yanka masa a Babila domin ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa. Ya ƙi abincin sarki domin kada ya ƙazantar da kansa, ya roƙi kayan lambu da ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan kamar dabarar rama, amma karanta aya 15 da kyau. Bayan kwana goma shi da abokansa uku sun fi sauran samarin lafiya da cikar jiki. Daniyel ya zaɓi abin da zai ci, ya kuwa ci.

Likitoci suna cewa ragin da ba ya cutarwa shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Da yawa cikin shayin nan na kasuwa gudawa ko yawan fitsari suke sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, bayan kwana kaɗan nauyin ya dawo. Ki bar shi.

Ki fara da sukari. Kwalbar lemo mai santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini. Ki haɗa da shayin da ake sha ana karatun dare, zagaye uku, kowanne da sukarinsa, ga fanke a gefe. Ai lissafin ya fito. Ki ci sau uku, ki rage mai da tulin shinkafa, ki ƙara wake da ganye. Dambu da zogale bai fi ƙarfin aljihun ɗaliba ba. Ki yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, da sassafe ko in rana ta yi sanyi. Barci kuma kada ya kasa awa 7, gama mai kwana a zaune ya fi jin yunwa washegari. In kuwa nauyin ya zo farat ɗaya, ko ƙafafu suna kumbura, ki ga likita tukuna.

Na tuna lokacin da siririyar yarinya ake yi wa ba'a a garuruwanmu, har wasu suka riƙa shan ƙwaya domin su yi jiki. Yau an juya. Bulus kuwa ya faɗa wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, saye ne da tamani. Ba a barin haikali ya lalace, ba a kuma rushe shi domin bakin mutane. Ku abokan ɗaki, in kuna karanta wannan, ku tuna wasanku ne ya kayar da 'yar'uwarku a aji. Ku je ku nemi gafararta.

Addu'a: Ya Uba, ka warkar da 'yar nan da duk ɗaliban da ke wahalar da jikinsu a ɓoye. Cikin sunan Yesu. Amin.