Sitiyarin Wasan Tsere Ya Karkace: Gyara Ko Jefarwa?

Tambaya: Ina da sitiyarin wasan tseren mota na kwamfuta, Logitech G27, da na saya a gwanjo. Kwanan nan in na kunna shi sai ya yi ta dukan hagu da dama da ƙarfi, sannan ya tsaya a karkace. Totur ma yana motsi a cikin wasa ko ban taka ba. Ya mutu ke nan, ko yana gyaruwa?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Kada ka jefar da shi. Wannan samfuri shi ya gaji G25 na 2006, shi kuma G29 ya gaje shi a 2015, saboda haka duk wanda ke hannun mutane yau ya kwana biyu. Amma an ƙera shi da ƙwari, kuma abin da ka bayyana sanannen ciwo ne a wurin masu shi.

Kafin ka taɓa sukundireba, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Duba adaftarsa: wuta mai ƙarfin volt 24 yake buƙata, kuma kayan gwanjo sau da yawa da adaftar wata na'ura ake haɗo su. Soka wayar USB kai tsaye a jikin kwamfuta. Sannan ka tabbata tsohuwar manhajarsa, Logitech Gaming Software 5.10, ita ce a kwamfutarka, domin sabuwar G HUB ba ta aiki da G27.

In duk wannan lafiya lau ne, to zargina ya faɗa kan wani ɗan faifan roba. Ga yadda abin yake. A cikin akwatin sitiyarin akwai motoci biyu na lantarki da ke juya sitiyarin ta hanyar haƙoran giya, su ne ke sa ka ji nauyin kwana da gargadar hanya a hannunka. A bayan ɗaya daga cikinsu, ƙarƙashin wani baƙin murfi, an ɗora faifai mai tsaga-tsaga a gefensa. Haske na ratsa tsagogin nan, wani ido na lantarki kuma yana ƙirga su. Da wannan ƙirge kaɗai na'urar ke sanin inda sitiyari yake a cikin digiri 900 da yake iya juyawa. Shi ya sa duk lokacin da ka kunna shi yake zuwa ƙarshen gefe ɗaya, ya koma ɗayan, ya dawo tsakiya: awo yake yi. To zafin mota da tsufa kan sa cibiyar faifan ta tsage, sai ya riƙa sulluɓewa a kan sandar da ke juya shi. Ƙirge ya ɓace, sitiyari ya rasa tsakiyarsa.

Gyaran iri biyu ne. Ana iya liƙe tsagar da gam mai ƙarfi, muddin ko ɗigo bai toshe tsagogin gefen ba. Wannan zai kai ka wani lokaci, amma ni na fi son a canza faifan da na tagulla, irin wanda ake sayarwa ta intanet, domin shi zafi ba ya fasa shi. Sai dai ka ƙirga tsagogin naka kafin ka yi oda: G25 da G27 na farko-farko 60 ne, na baya-baya 30. In ka sa wanda bai dace ba, awon ba zai taɓa daidaita ba. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ka kuma yi alama a inda haƙoran giyar suke kafin ka raba su. In hannunka bai saba da irin wannan aiki ba, mai gyaran waya mai natsuwa a kasuwar Farm Centre zai iya, in ka yi masa bayanin nan.

Tunda ka buɗe, goge tsohon giris ka sa sabo kaɗan, irin wanda ba ya cin roba. Kada ka yarda a zuba masa baƙin mai.

Maganar totur ta fi sauƙi. Kowane feda, totur da birki da kuloci, yana da ɗan maɓallin juyawa irin na ƙara sautin rediyo. Ƙura na shiga ciki, musamman a hunturu, sai saƙon da yake aikawa ya riƙa tsalle. Cire wayar fedojin, kwance gindinsu a hankali saboda wayoyin ciki sirara ne, ka fesa masa maganin wanke kayan lantarki, wanda ke bushewa nan take, ka yi ta taka fedan har dattin ya fita. Bari ya bushe sarai kafin ka haɗa. In rawar ta dawo bayan wanki biyu, maɓallin ya cinye, sai canji.

Daga nan, riƙa lulluɓe shi da mayafi in ka gama wasa, ka zare adafta daga soket duk lokacin da aka ɗauke wuta. Rage ƙarfin jijjigar a cikin manhaja ma yana rage zafin motocin. Kuma sa'ad da yake awonsa bayan kunnawa, ɗauke hannunka daga kansa har ya tsaya da kansa.