Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke raka furotin har ya naɗe?

Tambaya: A aji an ce mana furotin da kansa yake naɗewa ya ɗauki siffarsa, sai kuma na ji akwai masu taya shi. Wanne ne gaskiya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Duka biyun gaskiya ne.

Furotin yana fitowa daga ribozom kamar zaren carbi, 'ya'yansa amino asid iri 20, kuma yawanci ba ya aiki sai ya naɗe. Christian Anfinsen na Amurka ya nuna cewa jerin 'ya'yan nan ne ke yanke siffar, har ya samu kyautar Nobel a 1972. To amma a kwalbar gwaji ya yi aikinsa. Cikin ƙwayar halitta kuwa ya fi kasuwar Kurmi cunkoso. Sabon zare yana da sassa masu gudun ruwa kamar mai, waɗanda wurinsu can ciki ne. Kafin su ɓuya sai su liƙe da na maƙwabci, komai ya dunƙule. Kin ga yadda farin ƙwai ke daskarewa in an dafa? Shi ke nan.

A nan 'yan rakiya ke shigowa. Su ma furotin ne, aikinsu irin na ƙawayen amarya: su tsare ta a hanya, su kai ta ɗaki, su koma gida. Ɗaya daga cikinsu, Hsp70, yana riƙe sassan nan masu gudun ruwa, ya saki, ya sake riƙewa, yana ƙona makamashin ATP. Wanda ya fi burge ni shi ne GroEL na bakteriya, mai kama da tulu, da murfinsa GroES. Sai ya rufe furotin shi kaɗai kamar daƙiƙa 10, ya buɗe. In bai naɗu ba, a sake. Wanda ya ƙi gyaruwa a miƙa shi inda za a farfasa shi. Ki lura, 'yan rakiya ba sa zaɓa wa furotin siffa, fili kawai suke ba shi.

Zafi na sa a ƙara samar da su. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma da nata 'yan rakiyar take jure zafin jikin majinyaci, shi ya sa masana ke neman maganin da zai toshe su.