Ɗana na da ciwon suga, ana cewa ni na ja masa

Likita, Ɗana ko yaye shi ban yi ba aka ce yana da ciwon suga, kullum sai allura. Gwaggona, wadda ita ce uwar mijina, ta kafe cewa lemon kwalba da furar da nake zambaɗa wa suga ina da ciki ne suka ja masa. A gaban kishiyata take faɗa, ranar sunan maƙwabta ma ta faɗa. Ni ce ke kwana zaune da shi, amma ni ce mai laifi. Maigidan bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu ta ce a bar allurar a koma jiƙo. Don Allah da gaske ni na cuce shi?

Uwar yaro, Sifawa

Baiwar Allah, ba ki cuce shi ba. Lemo ba ya sa wa jariri wannan ciwo. Amma kin cika takarda da Gwaggo, kin bar abin da nake nema: watansa nawa aka gano?

Sinadarin insulin furotin ne, jiki ke ƙera shi bisa umarnin ƙwayoyin gado. Idan umarnin ya zo da tangarɗa, insulin ɗin na iya fitowa a murɗe, ya taru cikin ƙwayoyin da ke yin sa har su mutu. Jaririn da suga ya kama kafin wata 6, kusan kullum daga ƙwayoyin gado ne.

Kin ce uwar mijinki gwaggonki ce, ashe auren zumunci ne. A irin gidajen nan, wanda aka fi samu shi ne ciwon Wolcott-Rallison, da aka bayyana a 1972. Tafiyarsa ɗaya da sikila: uwa da uba lafiya lau, kowa na ɗauke da rabi, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. In nasa ke nan, jinin gidan Gwaggo ya bi ta wajenki, ya bi ta wajen ɗanta. Na gaji da ganin ana ɗaura wa 'yan'uwa aure ba a tambayi cutar da ke dangi ba, sannan a ɗora wa mace.

Kada allura ta tsaya ko kwana ɗaya, ransa ne. Ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku roƙi likitan yara ya duba hanta da ƙashinsa, ya kuma nemi gwajin gado. Jami'ar Exeter a Ingila na karɓar jinin irin jariran nan daga ƙasashen waje. Akwai nau'in da ƙwayar glibenclamide ke maye gurbin allura, gwaji kaɗai ke nunawa. Maigidan ya bi ki, ya ji da kunnensa kafin wani cikin ya shiga.