Hujin kunne

A Maraɗi, kamar sauran garuruwan Hausa, da wuya a ga ɗiya mace babu huji a kunne. Galibi tun tana jaririya ake huda mata. A da, ungozoma ko wata tsohuwa ce ke yin aikin da allura da zare. Sai ta soka allura a ƙasan kunne, wurin nama mai taushi, ta ƙulle zaren ta bar shi ciki. Uwa kuma ta riƙa shafa man kaɗe har wurin ya warke.

Wata yarinya ƴar aji uku ta so huji na biyu saboda adon salla. Aka huda mata. Bayan kwana 10 ƙaiƙayi ya dame ta, ta cire ɗan kunnen ta ɓoye. Ranar jajibiri ta zo mayarwa, ya ƙi shiga. Ta ruga wurin kakarta tana kuka.

"Kaka, ke da kika yi takaba, wata 4 da kwana 10 ba ki sa ƴan kunne ba, amma naki bai toshe ba. Ni kwana 3 kawai!"

Kaka ta yi dariya ta ce: "Kishiya, ai hujina ya girmi uwarki. Naki kuwa ɗanye ne."

Gaskiya Kaka ta faɗa. Huji ciwo ne, kamar yankan wuƙa. Duk inda fata ta yanke, jiki yana ƙoƙarin haɗe wurin. Zare ko ɗan kunne shi ke tsayawa tsakani, ya hana gefen biyu haɗewa. Da jiki ya kasa rufewa, sai sabuwar fata ta tsiro ta bi cikin ramin, ta lulluɓe shi daga gaba har baya. Wannan aiki yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 a ƙasan kunne. In aka cire ɗan kunne kafin nan, ramin yana iya toshewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Hujin da ya shekara da yawa kuwa, fatar cikinsa ta yi ƙwari. Yakan tsuke, amma sau da yawa ba ya rufewa duka.

Saman kunne daban ne. Can akwai guringuntsi, kuma jini ba ya isa wurin sosai. Da yake jini ne ke kai wa ciwo abin da zai warke da shi, hujin sama yana iya yin watanni, wani har shekara. Hujin hanci ma ya fi na ƙasan kunne jinkiri.

Akwai abin kula. Allurar da aka huda wani da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida ta kai wa wani. Allura mai datti tana iya kawo tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki. Don haka ake son sabuwar allura da hannu wankakke, ko a tafi gidan likita. In kunne ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da mugunya, ba a tsayawa jira. Wasu kuma, bayan ciwo ya warke, sai nama mai tauri ya tsiro a wurin kamar gujiya. Wannan ma aikin likita ne, don in aka yanke shi a gida yakan dawo ya fi da.

Nauyi ma yana sauya huji. A bikin da makiyaya ke yi a Ingal ƙarshen damina, ana ganin matan Bororo da manyan zobba jere a kunne. Ɗan kunne mai nauyi yana jan rami ya yi tsawo. In ya tsage ya warke a haka, ba ya haɗewa sai an ɗinke.

Ita dai yarinyar, Kaka ta hana ta tura ɗan kunnen da ƙarfi. Ta yi salla da hujinta na jarirta.

Tambayoyi
1. Don me ake barin zare cikin sabon huji?
2. Me ya sa hujin Kaka bai toshe ba?
3. Wane huji ya fi daɗewa kafin ya warke?